Daga 'Yankuzo Zuwa Gungun Yawuri: Ina Za Mu Kai Yara Hutu?

Duk yaron da ya kai aji huɗu na firamare a 'Yankuzo ko Tsafe ko Bungudu ya haddace cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Yana rubuta haka a jarrabawa, malami ya ba shi maki, a wuce wurin. Amma da za a tambayi ajin baki ɗaya wa ya taɓa ganin ruwan da sai an sa hannu a goshi kafin a hango ɗaya gaɓar, da wuya a sami mai ɗaga yatsa. Ruwan da yaranmu suka sani shi ne na kududdufi da na rafin da ke ƙafewa tun kafin tsakiyar rani. Mai sa'a a cikinsu shi ne wanda ya ga Kogin Sakkwato ta tagar mota a Gusau, ko wanda makaranta ta taɓa kai shi madatsar ruwa ta Bakolori.

A wani ɓangaren kuma, duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, wayoyinmu kan cika da hotunan tsibiran duniya: farin yashi, shuɗin ruwa, ɗakunan katako a kan teku. A Facebook da TikTok ana tallar Maldibs da Morishiyos da Sishel kamar ana tallar zuwa kasuwar Tsafe. Iyaye su kalla su yi tsaki, yara su kalla su haɗiye yawu. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ma'aikaci ko manomi ko ɗan kasuwar Zamfara cewa ba da shi ake wannan talla ba.

Ra'ayina shi ne bai kamata tsadar waɗancan wurare ta sa mu yanke ƙauna daga kai 'ya'yanmu su ga tsibiri ba. Muna da tsibirai a kusa, waɗanda ake jin Hausa a cikinsu, ake kiran salla, ake cin tuwo. Abin da ke tsakaninmu da su abu biyu ne: amincin hanya da amincin jirgin fito. A kan waɗannan biyun ya kamata iyaye da hukuma su tattara hankalinsu.

Me ya sa sai an fita da yara?

Za a iya cewa mutumin da ke fama da kuɗin masara da na makaranta ina ruwansa da yawon buɗe ido. Maganar tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Sai dai mu dubi irin rayuwar da yaran wannan yanki suka tashi a ciki. Wanda aka haifa a 2012 bai san Zamfara ba sai da labarin 'yan bindiga. Yana ɗan shekara tara aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021. A watan Satumba na wannan shekara aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Mu da muka tashi ana tura mu ƙauyen kakanni mu yi hutu, mu bi 'yan uwa zuwa cin kasuwa, yau muna hana namu 'ya'yan wuce bayan gari. Garuruwanmu da yawa sun zama tamkar tsibirai, sai dai abin da ya kewaye su tsoro ne.

Yaron da ya girma a haka zai ɗauka duniya duka haka take. Zai ɗauka ko'ina ana kwana da kunne ɗaya, ko'ina baƙo abin zargi ne. Kwana uku a wani wuri inda zai ga mutane masu wata sana'a da wani harshe suna zaune lafiya da maƙwabtansu zai gyara masa wannan tunani fiye da wa'azin wata guda. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Tsibiri kuwa yana da wata daraja ta daban a idon yaro, domin ƙaramar duniya ce da zai iya kewayewa da ƙafa ya ga iyakarta, ya ga yadda ake shigo da gishiri da man fetur da magani, ya gane cewa babu al'ummar da ke rayuwa ita kaɗai.

Yawuri: tsibiran da suka fi kusa da mu

Hausa tana da tsohuwar kalma ta tsibirin da ke tsakiyar kogi, wato gungu. Daga nan sunan Gungawa ya fito, mutanen da suka daɗe suna zaune a tsibirai da gaɓar Kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara, a ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi. Su suna kiran kansu Reshe, suna da harshensu, amma Hausa ta zama harshen kasuwa da hulɗa. An san su da su da noman albasa a bakin ruwa da kokawa. Yawuri kanta tsohuwar masarauta ce da ake lissafawa cikin Banza Bakwai, hedikwatarta kuma Yelwa, a bakin kogin.

Akwai wata alaƙa tsakaninmu da waɗannan tsibirai da ya kamata kowane malamin labarin ƙasa a Zamfara ya faɗa wa ɗalibansa. Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, sannan ya faɗa cikin Neja a sama da Yawuri. Ke nan ruwan da yaro ya gani yana wucewa ƙarƙashin gada a Gusau shi ne zai je ya taras yana kewaye gungun Yawuri. Idan ya tsaya a bakin kogin a Yelwa, yana kallon ruwan garinsu ne bayan ya yi doguwar tafiya.

Tarihi ma ya bar sawu a wurin. Bature mai yawon bincike Mungo Park ya yada zango a ƙasar Yawuri kafin ya halaka a ruwan Busa a 1806. 'Yan uwa biyu, Richard da John Lander, sun iso Yawuri a 1830 suna neman inda kogin ya ƙare. Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohuwar Busa ta nutse, mafi yawan babban tsibirin Foge ya shige ƙarƙashin ruwa, aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, cikinsu har da Gungawa masu yawa. Yaron da ke murna idan an kawo wuta a Gusau ya cancanci ya san cewa akwai waɗanda suka rasa gidajen kakanninsu da maƙabartunsu domin a samar da wannan wuta.

Na taɓa kai iyalina Yelwa a hutun ƙarshen shekara, muka sauka wurin wani tsohon abokin karatuna. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne tambayoyin yaran bayan mun tsallaka zuwa wani ƙaramin gungu. Babban ya tsaya yana kallon yadda ake saƙa koma da yadda ake banda kifi, ya tambayi inda yaran garin ke zuwa makaranta. Ƙanwarsa kuwa ta ja ni gefe ta ce, "Baba, idan wani ya kamu da ciwo da tsakar dare, yaya ake kai shi asibiti?" Mai masaukinmu ya ce mata sai an tashi mai kwale-kwale, in kuwa iska ta taso sai a jira gari ya waye. Ta yi shiru, can ta ce ashe ba mu kaɗai ke jiran gari ya waye kafin mu kama hanya ba. Babu littafin da zai koya wa yarinya 'yar shekara goma wannan darasi.

Wanda ya dace da lokacin bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a shekarun baya-bayan nan, zai ga tseren kwale-kwale da wasannin ruwa da yara ba za su manta ba. Amma ko ba biki, kasuwar bakin ruwa ta Yelwa da jiragen da ke sauke albasa da busasshen kifi sun isa kallo na yini guda.

Hanya da jirgi

Ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba. Hanyar da ke tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau ta sha ganin tashin hankali, haka ma wasu sassan hanyar Gusau zuwa Talatar Mafara. Ƙasar Yawuri ita ma ta ɗanɗana: a watan Yunin 2021 aka sace ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Gandun dajin Kainji, wanda a da ake kai 'yan makaranta kallon namun daji, ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, ba wurin kai yaro ba ne a yanzu. Tsibiran Tafkin Chadi, mazaunin Buduma, su ma haka. Saboda haka uban da zai fita da iyalinsa sai ya yi tambaya daga bakin direbobin tasha da mutanen garin da zai je, a satin tafiyar, ba labarin bara ba. Ya zaɓi babbar hanya ta Gusau zuwa Sakkwato, daga nan Tambuwal, Jega, Koko har Yelwa, ko da ta fi tsawo. Ya tashi bayan rana ta fito, ya sauka kafin la'asar sakaliya. Raba tafiyar biyu da kwana a Sakkwato riba ce, domin yara za su ziyarci Hubbaren Shehu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu.

Haɗarin da iyaye suka fi mantawa da shi shi ne na ruwan kansa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ƙasar Yawuri, kaɗan ne suka tsira. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga ɗaurin aure suka nutse a yankin Patigi na Jihar Kwara. A nan gida Zamfara, a watan Satumban 2024, kwale-kwale ya kife da manoma masu yawa a Gummi suna kan hanyar gona. Idan aka duba irin waɗannan haɗurra, dalilan kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare, kututturen itace da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Dokokin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare, sun kuma wajabta sa rigar. Abin da ya rage shi ne aiki da su a kowane mashigi.

Ranar da za mu tsallaka, na tambayi mai jirgin farko ko yana da rigunan kariya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, mu fa a cikin ruwan nan aka haife mu." Na ce masa, "Gaskiya ne Malam, amma waɗannan a kan tudu aka haife su." Muka haƙura muka jira har aka samo wani mai riguna, muka biya ƙari. Shawarata ga duk mai niyya ita ce ya sayi rigar daidai jikin kowane yaro tun daga birni, domin ta manya takan zame daga jikin ƙaramin yaro da zarar ya faɗa ruwa. Kada ya shiga jirgin da ruwa ya kusa kai bakinsa saboda kaya. Kada ya bari a ɗora babura da buhunan hatsi a inda yara ke zaune. In hadari ya haɗu, a fasa.

Lokacin tafiya ma abin lura ne. Dogon hutun makaranta yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da kogi ke cika yana ɗauko itatuwa da ciyayi, iska kuma tana tasowa ba sallama. Hutun Disamba ya fi dacewa, ko da yake hazo kan rage gani, don haka a tsallaka da hantsi. Sai kuma maganar lafiya: ruwan kogi da na tafki a wannan yanki na ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, yaro ya dawo gida bayan makonni yana fitsarin jini. A bar yara su yi kallo, kada a bar su su yi iyo. A tafi da gidan sauro da ruwan sha mai tsabta. A kuma saurari mutanen gari game da wuraren da dorina ke zama, domin ita ba ta san wasa ba.

Ga mai ɗan hali: Legas, Gore da Zanzibar

Wanda Allah Ya hore masa ya wuce Yawuri, tsibirin da ya fi sauƙi shi ne wanda ba ma tunawa da cewa tsibiri ne, wato Ikko. Tsohon garin Legas a kan tsibiri yake, kuma ana shiga ta gada, ba sai an hau jirgi ba. Gadar nan ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990, ita kaɗai abin kallo ce ga yaron da bai taɓa tafiya a kan ruwa ba. A cikin tsibirin akwai gidan tarihi na ƙasa a Onikan, da dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka yi bikin karɓar mulkin kai a 1960, da masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Ga kuma teku. Babu Bazamfaren da zai rasa ɗan uwa ko ɗan garinsu a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, abin da ke rage kuɗin masauki ƙwarai. Sai dai igiyar tekun Legas tana da ƙarfi, yaro ya tsaya a kan yashi hannunsa cikin na babba.

A wajen Najeriya, wanda na fi ba wa iyali shawara shi ne Gore, ɗan tsibirin da ke gaban birnin Dakar na Senegal. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, jirgin fito na kai mutum cikin kamar minti 20, kuma babu mota a cikinsa, don haka yara kan yi yawo ba fargaba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978 saboda gidan bayi da ke tuna wa duniya cinikin mutane zuwa ƙetaren teku. Makarantar William Ponty, wadda ta horar da shugabanni irin su Diori Hamani na Nijar, ta yi shekaru a can. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Senegal saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai fasfo da katin rigakafin shawara. Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, abinci da wurin salla ba matsala.

Zanzibar, a gaɓar Tanzaniya, ita ce ta fi kusa da hotunan nan da ake yaɗawa, kuma ita ma ƙasar Musulmi ce. Tana da tsohon birnin duwatsu wanda ya shiga jerin UNESCO a 2000, da gonakin kanumfari inda yaro zai ga itacen abin da mahaifiyarsa ke sawa a kunu da yaji, da dajin Jozani mai jajayen birai, da manyan kunkuru a ɗan tsibirin Changuu. Amma tana buƙatar biza da kuɗin jirgin sama na kowane kai. Daidai ruwa daidai tsaki: babu hutun da ya cancanci a ci bashi ko a taɓa kuɗin makaranta dominsa.

Abin da za mu iya yi

Mafi yawanmu ba za mu je Gore ko Zanzibar ba, wasunmu ko Yawuri sai an yi shiri. Amma iyalai huɗu ko biyar na iya yin adashi na shekara guda, su ɗauki shatar mota ɗaya, su sayi rigunan kariya da za a riƙa ara wa juna. Ƙungiyoyin iyaye da malamai na iya mayar da wani kaso na kuɗin da ake kashewa a bikin yaye ɗalibai zuwa tafiyar ilimi ta ƙananan rukuni, idan hanya ta yi kyau. Malami kuma zai iya fara darasin tun daga gida. Dutsen Kwatarkwashi, wanda duk mai zuwa Gusau daga Tsafe ke gani, masana labarin ƙasa na kiran irinsa da wata kalmar Jamusanci mai ma'anar dutsen tsibiri, saboda yadda ya tashi shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga wannan dutse zuwa gadar Gusau zuwa taswirar Kogin Sakkwato, yaro zai isa Yawuri da hankalinsa kafin ƙafarsa ta isa.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. Gwamnatocin Zamfara da Sakkwato da Kebbi su ɗauki babbar hanyar da ta haɗa jihohin uku a matsayin amana ɗaya wajen tsaro. Gwamnatin Kebbi da Masarautar Yawuri, tare da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage, su tabbatar da cewa a kowane mashigi akwai rigunan kariya har da na yara, akwai mai ƙirga fasinja, akwai jirgin ceto mai inji. Wannan ba don baƙi kaɗai ba ne. Matar gungu mai naƙuda da ɗalibin da ke tsallakawa makaranta kullum sun fi kowane mai yawon buɗe ido buƙatarsa. Idan aka gyara fito saboda mutanen gari, baƙi za su zo da kansu, su sayi kifi da albasa da tabarma, kuɗin Gusau ya shiga aljihun masunta.

Mu iyaye kuma kada mu jira sai komai ya daidaita kafin mu fara tanadi da tambaya. Yarinta ba ta jiran kowa. Wanda yake aji huɗu yau, nan da shekara takwas ya gama sakandare. Ya kamata kafin lokacin ya taka tsibiri sau ɗaya da ƙafarsa, sanye da rigar kariya, ya dawo 'Yankuzo lafiya ya ba ƙannensa labari. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu na tudu da na ruwa.